TAƘAITACCEN TARIHIN MALAM JAMES KWEGYIR AGGREY (1875–1927)

Ya dace mu waiwaya mu tuna da waɗanda suka share mana hanya. Mun zaɓi mu kawo muku labarin wani malamin makaranta, ɗan Afirka, wanda bai riƙe sarauta ba, bai tara dukiya ba, amma almajiransa suka zama shugabannin ƙasashe.

HAIHUWARSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi James Emman Kwegyir Aggrey ran 18 ga Oktoba, 1875, a garin Anomabu da ke bakin teku, a ƙasar da Turawa suke kira Gold Coast a wancan zamani, wato Gana ta yau. Shi mutumin kabilar Fante ne. Mahaifinsa shi ne mai magana da yawun sarkin garinsu. An yi masa baftisma a shekara ta 1883, ya kuma yi karatu a makarantar mishan ta Methodist a Cape Coast.

Yana ɗan wajen shekara 15 aka aike shi koyarwa a wani ƙauye mai suna Abura Dunkwa. Tun daga nan bai rabu da alli da allo ba. Kafin shekara ta 1898 ya riga ya zama hedimasta a Cape Coast.

ZAMANSA A AMURKA

A shekara ta 1898 ya tafi Amurka, ya shiga Kwalejin Livingstone a garin Salisbury, jihar North Carolina, makarantar ikkilisiyar baƙaƙen fata da ake kira A.M.E. Zion. Ya gama a 1902, aka naɗa shi fasto, ya auri Rose Douglass a 1905, Allah kuwa ya ba su 'ya'ya huɗu.

Wajen shekara 20 ya yi yana koyarwa a wannan kwaleji. Cikin mako yana aji, ran Lahadi kuma yana kiwon ƙananan ikkilisiyoyi biyu na manoma matalauta a karkara. A cikin waɗannan shekaru duniya ba ta san sunansa ba. Amma a nan ne ya koyi haƙuri da mutane, da yadda ake ɗaukar babbar magana a sa ta cikin misali har yaro ya gane.

DAWOWARSA AFIRKA

A shekara ta 1920 Asusun Phelps-Stokes ya aiko da kwamiti domin duba halin makarantu a Afirka, ƙarƙashin jagorancin Dokta Thomas Jesse Jones. Aggrey ne kaɗai baƙar fata a cikinsu. Sun zaga Saliyo, Laberiya, Gold Coast, Nijeriya, Kamaru, Kwango, Angola da Afirka ta Kudu. A 1924 ya sake bin kwamiti na biyu zuwa Afirka ta Gabas.

Da suka iso Legas, wani ɗan makaranta mai suna Nnamdi Azikiwe ya ji wa'azinsa, ya ƙudura a ransa shi ma sai ya je Amurka neman ilimi. Ya tafi a 1925, ya kuma zama shugaban ƙasar Nijeriya na farko a 1963.

A irin wannan yawo ne Aggrey yakan ba da misalin gaggafa da aka yi renonta cikin kaji har ta saba da tsince-tsince a ƙasa, sai ran da aka juya fuskarta wajen fitowar rana ta buɗe fukafukai ta tashi. Abin da yake nufi shi ne kada ɗan Afirka ya yarda da ƙasƙancin da aka ɗora masa.

AIKINSA A ACHIMOTA

Gwamna Gordon Guggisberg ya yi niyyar kafa babbar makaranta kusa da Akara. Aka ɗauki Rabaran Alexander Fraser ya zama shugabanta, Aggrey kuwa mataimaki. Da fari mutanen ƙasar ba su amince da shirin gwamnati ba. Aggrey ne ya yi ta yawo gari gari yana yi wa sarakuna da iyaye bayani har suka saki jiki. Ya kuma tsaya da ƙarfi a kan cewa a ɗauki 'yan mata tare da maza, domin a ganinsa ilimin mace ilimin gida ne gaba ɗaya.

An buɗe makarantar Achimota ran 28 ga Janairu, 1927. Tambarinta yana ɗauke da maɓallan fiyano farare da baƙaƙe, daga koyarwar Aggrey cewa kiɗa ba ya cika sai an taɓa su duka biyu. Cikin matasan da suka ji koyarwarsa akwai Kwame Nkrumah, wanda ya kai Gana ga mulkin kai a 1957.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Cikin watan Mayu na 1927 ya koma Amurka domin ya ga iyalinsa, ya kuma kammala karatun digirinsa na dokta a Jami'ar Columbia. Can ciwon sanƙarau ya kama shi. Ran 30 ga Yuli, 1927, Ubangiji ya kira shi gida a birnin New York, yana da shekara 51. Aka binne shi a Salisbury. Wata shida kawai ya gani bayan buɗe makarantar da ya yi wa wahala.

Duk da haka sunansa bai ɓace ba. A 1932 Alvan Ikoku ya kafa makaranta a Arochukwu ya sa mata sunansa. A 2017 kuma Bankin Gana ya sa hotonsa a takardar kuɗi ta sidi 5.

ABIN KOYI A GARE MU

'Yan'uwa, Aggrey ya shuka, waɗansu suka girbe, bai kuwa yi gunaguni ba. A tsakaninmu akwai malamai da suka tsufa a aji, waɗansu sun yi ritaya suna jiran fansho, ba mai tambayar lafiyarsu. Mu ziyarce su, mu girmama su tun suna da rai. Iyaye kuma, kada mu bar 'ya mace a gida muna kai ɗan'uwanta makaranta. Allah ya tashe mana waɗansu malamai masu irin wannan zuciya. Amin.