John Constable: Mai Zanen da Ya Riƙe Ƙauyensu

An haifi John Constable ranar 11 ga watan Yuni, 1776, a ƙauyen East Bergholt da ke ƙasar Ingila. Mahaifinsa attajiri ne mai fataucin hatsi, yana kuma da injinan niƙa a bakin kogin Stour. Burinsa shi ne ɗansa ya gaje shi. John ya taɓa aikin niƙa na ɗan lokaci, amma zuciyarsa tana wajen zane. Sai a shekarar 1799 mahaifin ya haƙura, ya bar shi ya tafi Landan, ya shiga makarantar zane ta Royal Academy.

A wancan zamani ba a ɗauki zanen filaye da koguna da muhimmanci ba. An fi daraja zanen tarihi da na fuskokin manya. Masu zanen filaye da yawa sukan kwaikwayi ayyukan magabata, su rina itatuwa da launin ƙasa-ƙasa. Constable bai bi wannan hanya ba. Ya ƙudura cewa abin da idonsa ya gani shi zai zana, kuma bai ga wurin da ya fi ƙauyensu cancanta ba.

Matakinsa na farko shi ne fita waje. Yakan ɗauki fentin mai da burushi, ya zauna a bakin kogi, ya yi ƙananan zane-zane da sauri kafin haske ya sauya. A shekarun 1821 da 1822 ya duƙufa wajen zanen gizagizai a Hampstead. A bayan takarda yakan rubuta kwanan wata da lokaci da inda iska ta dosa.

Bayan haka sai tsarin zane, wato sanya kowane abu a inda ya dace. Daga 1819 ya fara manyan zane-zane masu faɗin ƙafa 6. Kafin ya kama na ainihi, yakan yi na gwaji mai girma ɗaya da shi. A kan na gwajin yake matsar da itace, ko ya cire mutum, ko ya ƙara duhu, har tsarin ya zauna. Ana ganin amfanin wannan a zanensa mai suna The Hay Wain na 1821. Gida da manyan itatuwa suna hagu, fili mai haske yana dama, amalanke da dawakai kuma suna tsakiyar ruwa. Idon mai kallo yakan faro daga karen da ke bakin ruwa, ya kai ga amalanken, sannan ya zarce can nesa.

Salon burushinsa ma daban ne. Bai damu da goge fenti ya yi sumul ba. Yakan ɗora shi da kauri, wani lokaci da wuƙar haɗa fenti, ya kuma ɗiga fari a kan ganye da ruwa don su yi walƙiya. Masu suka sun yi masa ba'a, suka kamanta ɗigon da dusar ƙanƙara, suka ce bai gama aikin ba. Da aka baje The Hay Wain a Landan, bai sami mai saye ba. Amma da aka kai shi birnin Paris a 1824, sarkin Faransa ya ba Constable lambar zinariya.

Rayuwarsa ta gida ba ta rasa jarrabawa ba. Dangin Maria Bicknell, wadda yake so, sun daɗe suna ƙin aurensu, sai a 1816 aka ɗaura. Sun haifi 'ya'ya 7, sannan tarin fuka ya yi ajalinta a 1828. A 1829, yana da shekara 52, aka zaɓe shi cikakken ɗan Royal Academy. Ya rasu ranar 31 ga Maris, 1837, bai taɓa fita daga Ingila ba. Yau zanen da ya rasa mai saye yana rataye a gidan National Gallery na Landan.

Ɗalibin da ke Jos bai rasa abin zanawa ba. Ga duwatsun Shere, ga dutsen Riyom, ga hadarin damina da ke haɗuwa a kan tsaunuka. Hanyar Constable a buɗe take gare shi: ya fita ya duba da kyau, ya gwada tsari kafin babban aiki, ya bar burushi ya bi abin da ido ya gani. Hausawa sun ce, sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Wace sana'a mahaifin Constable ya so ya bi?
2. Me yake rubutawa a bayan zanen gizagizai?
3. Mene ne amfanin zanen gwaji?
4. Don me masu suka suka yi masa ba'a?