Shehu Abdulƙadir Jilani: Shekaru 33 Kafin Hawa Kujerar Wa'azi

Ya 'yan'uwa muridai, jama'a da dama sun san ɗaukakar Shehu Abdulƙadir Jilani, Allah Ya ƙara masa yarda, amma kaɗan ne ke tuna wuyar da ya sha kafin ya kai gare ta.

An haife shi a yankin Jilan na ƙasar Farisa a shekara ta 470 bayan Hijira, ya tashi maraya a hannun mahaifiyarsa. Ya shiga Bagadaza neman ilimi a 488 (1095 Miladiyya) yana ɗan shekara 18. Malaman tarihi sun ruwaito cewa da guzurinsa ya ƙare, yunwa kan kai shi bakin kogi tsintar ganyen da zai ci, amma bai fasa karatu ba. Ya karanci fiƙihun Hambaliyya a wurin Abu Sa'id Al-Mukharrimi, ya sha tarbiyya mai tsanani a hannun Shehu Hammad Ad-Dabbas. An kuma ruwaito cewa ya shafe shekaru 25 cikin daji da kufai na Iraƙi yana yaƙi da son zuciya.

Sai a 521 (1127), bayan ya haura shekara 50, ya fara wa'azi a bainar jama'a. Mutane suka yi ta tururuwa har aka faɗaɗa makarantarsa. Ya rasu a 561 (1166), aka yi masa makwanci a Bagadaza.

Muridin da wuridi ko karatu ya yi wa nauyi, ya tuna waɗannan shekaru 33, ya ƙara haƙuri. Allah Ya ba mu albarkacinsa, amin.