Malam Aminu Kano da Wasan Kwaikwayo

An haifi Malam Aminu Kano a birnin Kano a 1920, ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. An fi saninsa da jagorancin jam'iyyun NEPU da PRP, amma da wasan kwaikwayo ya soma gwagwarmaya, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna a ƙarshen shekarun 1930. Wasanninsa, irin su Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba? da Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, sun soki ha'inci da zalunci. Da ya zama malami a Midil ta Bauchi, ya ci gaba da shirya wa ɗalibai wasanni. A nan ya goge wajen faɗin gaskiya mai ɗaci cikin raha, dabarar da ya shiga fagen siyasa da ita.