G. P. Bargery (1876–1966): Mai Ƙamusun da Ya Yi Fama da Dangin Kalmomi

An haifi George Percy Bargery a garin Exeter na ƙasar Ingila a shekarar 1876. Ya yi karatun addinin Kirista, ƙungiyar mishan ta CMS ta turo shi Arewacin Nijeriya a farkon ƙarni na 20, daidai lokacin da Turawa ke kafa mulkinsu a ƙasar Hausa. Rashin lafiya ya mai da shi gida a 1910. Da ya murmure sai ya dawo, amma a wannan karon a matsayin ma'aikacin Sashen Ilimi na gwamnati, har ya yi aikin makaranta a ƙasar Tibi. Da a nan labarinsa ya tsaya, da babu dalilin ambatonsa a tsakanin ɗaliban kimiyyar harshe.

A 1921, zamanin Gwamna Hugh Clifford, aka ɗora masa nauyin tsara ƙamusun Hausa da Ingilishi. Ba shi ne ya fara sharar wannan fage ba. J. F. Schön ya fitar da nasa tun 1876, shekarar da aka haifi Bargery, C. H. Robinson kuma ya biyo baya a ƙarshen ƙarni na 19. Sai dai waɗannan ayyuka ba su nuna karin sauti, alhali shi ne ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya, kamar yadda tsawon wasali ke raba gari na mazauna da gari na tuwo. Bargery ya sa wa kalmominsa alamun duka biyun. Ya kuma yi yawo yana tattara kalmomi daga bakin masu harshen, yana nuna wadda ta fito daga Sakkwato, ko Katsina, ko Gobir. Saboda haka ɗalibin da ya taso a Madawa, Buza ko Keita zai iya cin karo a ciki da kalmar da ya saba ji a bakin kakarsa, wadda ɗan Kano zai rantse ba Hausa ba ce.

Littafin ya fito a 1934 daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford, shafuka fiye da 1,200, kalmomin Hausa kimanin 39,000, tare da gabatarwar Diedrich Westermann a kan Hausawa da harshensu. Ba a riga an tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya ba, don haka da ɗan waƙafi a sama ya bambanta ɓ, ɗ da ƙ.

Inda aikin ya fi jan hankali shi ne yadda ya ɗauki kalmomi masu makusanciyar ma'ana. Duk mai tsara ƙamus na harsuna biyu yana tsaye ne tsakanin dangi biyu da ba su jitu ba. Ingilishi yana da big, large, great da huge, kuma ba tagwaye ba ne. Big ita ce ta yau da kullum, mai nuna girman jiki ko muhimmanci. Large ta fi karkata ga faɗi da yawa, kuma ta fi zama a rubutu. Great takan bar jiki ta koma ga daraja, huge kuma girma ne da ya wuce misali. Hausa ma ta yi nata rabon, amma ba a kan iyakoki ɗaya ba. Babban mutum dabam, ƙaton mutum dabam, kuma wanda ya kira dattijon unguwarsu ƙato bai yabe shi ba. Bayan waɗannan ga rundunar sifofi da ke haɗa girma da siffa: fankameme ga mai faɗi, zungurere ga mai tsawo, jibgege da shirgege ga mai nauyi da cika ido. Ingilishi ba shi da kalma guda ga mafi yawansu, sai ya yi zagaye da jimla.

Dabarar Bargery ita ce ya zaɓi kalma ɗaya ya mai da ta uwa, ya tara danginta a ƙarƙashinta. A ƙarƙashin ƙato kaɗai ya jera kalmomi fiye da 300. Wannan taska ce ga mai nazarin ma'ana, domin ta adana kalmomin da wasunsu sun fara ɓacewa daga bakin matasa. Amma a ganina tana da tarko. Tara dangi a zaure ɗaya bai nuna waye wa waye ƙane ba. Idan mai karatu ya nemi wata kalma aka mai da shi ga ƙato, ƙato kuma aka fassara ta da kalmar Ingilishi guda, to ɗan bambancin da ya sa Bahaushe ya ƙirƙiri kalmar tun farko ya salwanta a hanya. Mai fassara da ya dogara da jerin kawai zai iya kiran dogon sanda fankameme.

Ba a rasa masu gyara ba tun yana raye. R. C. Abraham, wanda ya taimaka masa na ɗan lokaci, ya sauƙaƙa tsarin karin sautin, ya fitar da nasa ƙamusun a 1949 tare da Malam Mai Kano. Har yau malamai sukan ajiye littattafan biyu kusa da juna, na Abraham don yawan misalai, na Bargery don yawan kalmomi da karin harshe.

Jami'ar Landan ta ba shi digirin dakta a 1937, ya kuma koyar da Hausa a makarantarta ta nazarin harsunan Gabas da Afirka har 1947. A 1953, yana da shekara 77, ya sake komawa Kano don jagorantar sabuwar fassarar Sabon Alkawari, bai bar ƙasar ba sai 1957. Ya rasu a Ingila a watan Agusta na 1966. A 1993 maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta sake buga ƙamusun, tare da ƙarin kalmomin da Neil Skinner ya tattara.