Shehu Magili, Mai Kare Ilmin Manɗiƙi

An haifi Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu, wanda aka fi sani da Magili, a birnin Tilimsan na ƙasar Aljeriya cikin ƙarni na 15. Ya yi karatu wurin Shehu Abdurrahmani Assa'alibi, daga baya ya koma Tuwat cikin Sahara da zama. Daga can ya biyo ta Azbin ya iso ƙasar Hausa wajen 1492, ya sauka Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa littafi a kan wajiban sarakuna. Ya kuma ziyarci Katsina, ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu.

Ban da fiƙihu, Shehun gwani ne a manɗiƙi, watau ilmin auna hujja. Ya tsara ƙa'idojinsa cikin waƙe mai suna Minahul Wahhab. A zamanin nan babban malamin Masar, Jalaluddini Suyuɗi, ya yi fatawar haramta wannan fanni, domin asalinsa daga Yunanawa ne. Magili ya aike masa da baitoci, yana kafa hujja da cewa gaskiya ba ta ɓaci saboda bakin da ta fito. Suyuɗi ya mayar da amsa cikin girmamawa, amma bai bar ra'ayinsa ba.

Abin da Magili ya kare kuwa ma'auni ne mai sauƙi. Misali, sananne ne cewa in salla ta inganta, to an yi ta da tsarki. Hanyoyi biyu ne ingantattu na fitar da hukunci daga nan. In an tabbatar salla ta inganta, to lalle akwai tsarki. In an tabbatar babu tsarki, to lalle salla ba ta inganta ba. Sauran biyun ɓatattu ne. Samuwar tsarki ba ta nuna ingancin salla, domin mai alwala yana iya barin ruku'u da gangan. Haka nan ɓacin salla bai nuna rashin tsarki ba. Alƙali ko mai wa'azin da ya kasa rarrabe waɗannan, yana iya kama marar laifi ko ya kafirta Musulmi, yana zaton hujja gare shi.

Magili ya koma Tuwat, ya rasu can wajen 1504. Har yau Sharifan Kano suna danganta kansu da ɗansa Sidi Fari. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.