TUNAWA DA MARIGAYI MALAM UMARU MUSA 'YAR'ADUWA

Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi tsokaci a kan marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne gardamar da samari ke yi kullum da dare a bakin tiredata. Wasu sun mai da shi waliyyi, wasu kuma su ce bai tsinana komai ba sai jinya. Yawancinsu ba su yi wayo ba lokacin da ya yi mulki. Ni kuwa na ga zamanin da idona, kuma tun da wuri in faɗa, a zaɓen 2007 ba shi na jefa wa ƙuri'a ba, marigayi Janar Buhari na jefa wa. Don haka kada wani ya ce yabon ɗan gida nake yi.

An haifi Malam Umaru a birnin Katsina ranar 16 ga Agusta 1951. Mahaifinsa Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Mutawallen Katsina, minista ne mai kula da Ikko a Jamhuriya ta Farko. Ya yi karatu a Keffi da Barewa da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga nan ya kama koyarwa. Abin mamaki, ɗan babban gida ne amma a Jamhuriya ta Biyu sai ya bi PRP ta Malam Aminu Kano, alhali uban nasa jigo ne a NPN. Mu nan ƙasar Funtuwa da Malumfashi ba baƙonmu ba ne, domin daga 1983 zuwa 1989 shi ne manajan gonar Sambo da ke Funtuwa. Ya san mene ne taki, ya san yadda manomi ke zuba wa sama ido in ruwa ya yi jinkiri.

A 1991 ya nemi gwamna a SDP, Alhaji Sa'idu Barda na NRC ya kayar da shi. Yayansa Janar Shehu ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997, zamanin Abacha. Sai a 1999 Allah ya ba shi kujerar a ƙarƙashin PDP, ya sake ci a 2003. Yana hawa ya bayyana wa duniya dukiyarsa, abin da ba a saba gani ba. Ya gina ajujuwa, ya kafa jami'ar jiha a 2006 wadda yanzu take ɗauke da sunansa. 'Yan siyasa kuwa kuka suke yi da shi wai hannunsa a dunƙule yake, ba ya rabo. To, ni dai wannan a wurina ba aibu ba ne.

Inda magana ta fara karkacewa shi ne 2007. Kowa ya san Obasanjo ne ya ɗauko shi bayan tazarcensa ta sha ƙasa a majalisa, ya haɗa shi da Goodluck Jonathan. Kowa kuma ya san mutumin yana da ciwon ƙoda tun yana gwamna. Ana tsakiyar yaƙin zaɓe a watan Maris aka kwashe shi zuwa Jamus, har jita-jita ta bazu cewa ya rasu, sai da Obasanjo ya kira shi ta waya a gaban taro don mutane su ji muryarsa. Zaɓen 21 ga Afrilu kuwa, jama'a, sai dai mu ce Allah ya kyauta. An sake buga takardun ƙuri'a a ƙurarren lokaci, wurare da yawa suka isa a makare, masu sa ido na Turai suka ce abin bai kai mizani ba. Aka ba shi ƙuri'a sama da miliyan 24, Buhari ƙasa da miliyan 7. 'Yan jiha ɗaya, ɗan Katsina da ɗan Daura, shi ya sa a ƙauyukanmu har gida ɗaya sai da ya rabu biyu. Ni da ƙanin mahaifina mun yi kusan wata gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Amma ranar rantsuwa ya yi abin da ya sanyaya mini jiki. Da bakinsa ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai. Wane ne ya taɓa yin haka? Ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais don gyaran zaɓe. Sai dai fa kujerar bai sake ta ba. A Disambar 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi da alƙalai 4, guda 3 suka ce a soke. Kuma da kwamitin ya ba da shawarar a karɓe ikon zaɓo shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa, gwamnatinsa ta ƙi. Wannan masu yabonsa ba sa son a tuna.

Abin da talaka ba zai manta ba shi ne mai. Obasanjo yana bakin ƙofar fita ya ƙara lita daga naira 65 zuwa 75. Bayan yajin aiki aka rage zuwa 70, a 2009 kuma Malam Umaru ya mai da shi 65. Mu da ke loda buhunan masara zuwa kasuwa mun ji sauƙin a kuɗin mota. An kuma warware cinikin matatun mai na Kaduna da Fatakwal. Tsagerun Neja Delta ya yi masu afuwa a 2009, suka ajiye makamai, mai ya ci gaba da fita.

Ɓangaren laifi kuma akwai. An cire Nuhu Ribadu daga EFCC a ƙarshen 2007, daidai lokacin da yake tuhumar James Ibori, wanda ake cewa ya taimaka wa yaƙin zaɓen shugaban. Wutar lantarki da aka yi alkawari ba ta samu ba, har jaridun Kudu suka laƙaba masa sunan mai tafiyar hawainiya. A Yulin 2009 aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri ba tare da an kai shi kotu ba, kuma kowa ya ga wutar da ta biyo baya.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshensa. Mutumin da a 2007 ya sake fito da lissafin dukiyarsa fili, naira miliyan 856 da 'yan kai, shi ne aka ɓoye wa ƙasa halin da jikinsa ke ciki. Ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka tafi da shi asibiti a Jidda, ba a rubuta wa majalisa takardar miƙa mulki ga mataimakinsa ba. Muka yi ta kasa kunne a rediyo, yau a ce yana samun sauƙi, gobe a ce ba wanda ya gan shi. Sau ɗaya muka ji muryarsa a BBC a watan Janairu, murya ta mai jin jiki ƙwarai. Ministoci suka je Saudiyya suka dawo ba su gan shi ba. Aka yi ta zargin matarsa Hajiya Turai da wasu na kusa da shi cewa su ke riƙe da ƙasa. Ni ban ɗora wa marar lafiya laifi ba, domin wanda ke kwance ba shi da ta cewa. Waɗanda suka tsaya kansa da ƙafafunsu nake tuhuma, da wanda ya ɗora masa kayan tun farko ya san ba shi da ƙoshin lafiya.

Ranar 9 ga Fabrairu 2010 majalisa ta mai da Jonathan muƙaddashi. Ranar 24 ga watan aka sauko da Malam Umaru a Abuja cikin tsakar dare, bai sake fitowa bainar jama'a ba har ya cika ranar 5 ga Mayu 2010, yana da shekara 58. Washegari aka yi masa sutura a Katsina. A wannan shekarar aka gyara tsarin mulki, aka ce shugaban da ya yi kwana 21 ba ya nan bai rubuto takarda ba, majalisa na da ikon miƙa ragama ga mataimakinsa.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, amin.

Daga mai karatunku kullum, manomi kuma ɗan tireda,
Karfi, Ƙaramar Hukumar Malumfashi, Jihar Katsina.