Wong Kim Ark, Kukun Da Ya Kayar Da Gwamnatin Amurka

A San Faransisko aka haifi Wong Kim Ark wajen 1873, iyayensa 'yan ci-rani ne daga ƙasar Sin. Sana'arsa kuku. A 1882 Amurka ta kafa dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar. Da ya komo daga ganin dangi a 1895, sai ma'aikatan kwastan suka ce baƙo ne, a garin da aka yanke cibiyarsa! Aka tsare shi cikin jiragen ruwa kusan wata biyar. Magana ta kai Kotun Ƙoli. Ran 28 ga Maris 1898, alƙalai 6 cikin 8 suka yanke cewa haihuwarsa can ta mai da shi ɗan ƙasa. Amma a 1910 aka hana babban ɗansa shiga, wai ba a tabbata ɗansa ne ba. Wong ya koma Sin a 1931, bai sake dawowa ba.